Lodin Da Bai Isa Ba

Da silifas abin ya fara. Bayan damunar 2020, muna dawowa daga sallar Asuba ni da Baffa, sai takalminsa na hagu ya zame ya bar ƙafar. Ya koma ya saka, ba mu yi taku goma ba ya sake zamewa. Ya yi tsaki, ya ce takalman zamani ba su da amana. Muka yi dariya muka wuce. Sai da muka iso ƙofar gida na waiwaya, na ga ƙafar ta bar layi a rairayi tun daga masallaci, kamar yaro ya ja kara.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara 6. Direban lori ne, irin tsohuwar Bedford ɗin nan da direbobin Sudan ke kira Sifinja. Sama da shekara 30 yana kwasar riɗi da dawa daga ƙauyukanmu na Dindir zuwa Sinja da Sinnar da Madani, wani lokaci har kasuwar Gadarif, ya dawo da sukari da gishiri da sabulu. Da kuɗin wannan mota na yi diflomar aikin jarida, don haka duk wanda ya taɓa jin muryata a rediyo, gumin mutumin nan ya ji. Shi kuwa tun daga ranar da na fara aiki ya ajiye sunana na yanka, ya koma kirana Ɗan Rediyo.

Kafin rani ya shiga sosai, ƙafar ta kasa taka kuloci. Ya ɗan jima yana ɓoyewa, yana danna gwiwar da hannu don ta taimaka, har ranar da mota ta kusa kwace masa a gangara da lodin buhu ɗari da wani abu. A ranar ya ajiye makulli. Daga nan naman ƙwaurinsa ya fara zubewa, kuma idan ya zauna a kan gadon igiya sai ka ga fatar cinyarsa tana rawa ita kaɗai, kamar da wani abu yana motsi a ƙarƙashi. Babu zafi, babu zazzaɓi, babu kumburi. Idan ka tsikare shi da tsinke yana ji sarai. Ƙarfin ne kawai ke tsiyayewa.

Kun san halinmu, mara lafiya ba ya rasa likitoci. Wasu suka ce shan inna ce ta same shi da girma. Wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce take zuwa a hankali. Wasu suka ce ya taka wani abu a dajin Dindir da dare. Amma maganar da ta fi zama a gidanmu ita ce sammu, kuma har an sami wanda za a ɗora wa. Baffa yana da wani tsohon karen mota da ya raina har ya zama direba, sun taɓa samun saɓani a tasha a kan layin lodi. Ai kuwa sai aka ce shi ne. Inna, matar Baffa, ta daina amsa gaisuwar matarsa. Yaranmu suka daina zuwa gidansa. Aka shiga sayar da awaki, aka bi da shanun noma biyu, ana kai wa masu magani.

A nan dole in faɗi nawa laifin. A lokacin ina gabatar da shirin safe, kuma cikin tallace-tallacen da nake karantawa akwai na wani mai maganin gargajiya da ke cewa yana warkar da kowace irin shanyewar jiki cikin kwana 40. Da bakina nake karantawa, da irin muryar nan da muke ƙawata talla. Inna ta ji, ta ce tunda ɗanta ne ya faɗa ai ba ƙarya. Jarka uku ta saya. Ranar da na zo gida na gan su jere a gindin randa, na rasa inda zan sa fuskata.

A tsakiyar 2021 muka kai shi Khartum wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya bubbuga gwiwoyinsa da 'yar guduma, ya sa shi ya fito da harshe ya daɗe yana kallo, sannan aka yi masa wani gwaji da ake soka siririyar allura cikin nama ana sauraren wutar da ke gudana a ciki. Aka ɗauki hoton laka don a tabbatar ba ƙashi ne ya danne ta ba. Bayan kwana biyu likitan ya kira ni ni kaɗai. Ya ce cutar jijiyoyin motsi ce, wadda ake taƙaita sunan nau'inta mafi yawa da ALS. Ya ce jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa nama su ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Za ta bi ɗaya ƙafar, ta hau hannuwa, ta taɓa harshe da maƙogwaro, daga ƙarshe ta kai ga naman numfashi. Yawancin masu ita shekara 2 zuwa 5 suke yi. Akwai ƙwaya ɗaya mai suna riluzol, ana amfani da ita tun 1995, tana ƙara 'yan watanni. Ya ce in je in yi tunanin yadda zan gaya masa.

A daren ban runtsa ba. Na kwana a kan waya ina karatu da ɗan Turancina da Larabci. Na ga cewa wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace cutar a birnin Faris tun wajajen 1870. Na ga ita ce ta kashe ɗan wasan Amurka Lou Gehrig a 1941, har can suke kiranta da sunansa. Ita ce kuma ta zaunar da masanin kimiyya Stephen Hawking a keke, wanda ya saɓa wa lissafin likitoci ya yi shekara 55 da ita kafin ya rasu a 2018. Na tuna 2014, lokacin da bidiyon mutane masu sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara ya cika Facebook, har na yi musu ba'a a shirina na ce ga masu ruwa har da na wasa. Ashe kuɗin binciken wannan cuta suke tarawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wajen asuba na ci karo da wata kalma da ta tsayar da ni: sufuri. Masu bincike suna magana a kan matsalar sufuri a cikin jijiya. Na karanta, na sake karantawa, sai na ji na sami bakin zaren da zan yi wa Baffa bayani da shi.

Hausa ta haɗa abubuwa da yawa a kalmar jijiya, da ta jini, da ta agara, da wannan farar da ke ɗauke da saƙo. Ta ƙarshen nake nufi. Kowace ƙwayar jijiyar motsi tana da gida, tana kuma da doguwar wutsiya. Gidan yana cikin laka, girmansa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wutsiyar ita ke fita daga laka ta bi jiki har ta isa naman da za ta motsa, kuma wadda ke zuwa tafin ƙafar dogon mutum tana kai mita guda. Wato ta ninka gidan sau dubu goma. Da za a faɗaɗa gidan ya kai girman gida mai faɗin mita 30, da wutsiyar ta kai kilomita 300, kusan tafiyar Sinnar zuwa Khartum. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin kayan da can ƙarshen wutsiya ke buƙata, a gidan ake ƙera su. Dole a yi lodi a kai. Abin da ya tsufa a can kuma dole a kwaso shi a dawo da shi, tare da saƙon da nama ke aikowa cewa yana nan lafiya.

Da na gaya wa Baffa haka, muna zaune a inuwar motarsa bayan mun dawo gida, sai ya gyara zama. Ya ce, “To wa ke ɗaukar lodin?”

Na ce masa a 1948 wasu masana biyu, Paul Weiss da Helen Hiscoe, sun matse jijiyar dabba, sai suka ga ta kumbura ta ɓangaren gidan, kamar yadda ruwa ke taruwa a bayan madatsar Sinnar. Daga nan aka gane akwai abin da ke gudana a ciki. Masu ɗaukar kayan kuwa sai a 1985 aka kama ɗayansu. Ron Vale da abokan aikinsa Thomas Reese da Michael Sheetz, suna aiki a bakin teku a Amurka da jijiyar wata halittar ruwa mai hannuwa goma wadda jijiyarta ke da kauri har ido na iya gani, suka gano wani furotin da suka sa wa suna kainesin. Yana da ƙafa biyu, yana ɗora kaya a ka, yana takawa a kan wasu siraran bututu da aka shimfiɗa a tsawon wutsiyar kamar layin dogo. Kowane taku nasa nanomita 8 ne, don haka mita guda taku miliyan 125 ke nan. Shi yana tafiya ne daga gida zuwa ƙarshen hanya. Mai dawowa da kaya daban ne, sunansa dainin. Lodin gaggawa yana cin milimita 200 zuwa 400 a rana, ya isa tafin ƙafa cikin kwana 3 zuwa 5. Akwai kuma lodi mai nauyi, na kayan gyaran hanyar kanta, wanda ke yin kamar milimita guda a rana. Wannan sai ya kusa shekara 3 kafin ya isa.

Baffa ya yi shiru yana kallon ƙafarsa. Ya ce, “Wato abin da aka loda tun kafin in fara jan ƙafa, har yanzu yana hanya.” Na ce haka lissafin ya nuna. Ya ce, “Ikon Allah. Shekara talatin ina jigila, ashe ni ma jigila ake yi a cikina.”

Na ƙara masa da cewa har cuta ma tana bin wannan hanya ta hau motar dawowa. Ƙwayar haukan kare daga wurin cizo take kama jijiya ta nufi ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska ya fi na ƙafa saurin tashi. Masu cewa shan inna ce kuma ba su yi nisa da gaskiya sosai ba, don ƙwayoyin jijiyar da shan inna ke kashewa a laka, su ɗin dai wannan ma ke kashewa. Bambancin shi ne waccan ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, tana bugu sau ɗaya ta wuce, ga kuma rigakafinta. Wannan ba a ɗaukarta daga kowa, kuma ba ta tsayawa.

Sai ya yi mini tambayar da har yau nake jinjinawa. Ya ɗaga yatsu huɗu, lokacin hannunsa na dama yana aiki. Ya ce, “Ɗan Rediyo, idan lodi bai isa ba, abu huɗu ne. Ko hanya ta yanke, ko mota ta lalace, ko mai ya ƙare, ko kuwa kayan ne aka loda ba daidai ba suka zube suka tare hanya. Su masu binciken naka wanne suka ce?”

Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Sai da na yi makonni ina tono, sannan na dawo na ce masa: Baffa, duka huɗun suka ce.

Ta ɓangaren mota, a 2003 an gano wani dangi da ke gadon wata cutar jijiyoyin motsi mai fara taɓa maƙogwaro, kuma matsalarsu tana cikin dainaktin, furotin da ke taimaka wa dainin ya kama kaya, kamar dai karen mota. A 2018 kuma, bayan an kwatanta ƙwayoyin gado na dubban masu cutar da na masu lafiya, aka gano cewa tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna KIF5A tana haddasa ALS. Ita ce ke ɗauke da tsarin ƙera wani nau'in kainesin, kuma tangarɗar tana can wajen jelarsa, inda yake riƙe kaya. Ta ɓangaren hanya, a 2014 an sami masu cutar da ke da tangarɗa a tubalin da ake gina bututun da shi. Ta ɓangaren mai, akwai wasu 'yan injina a cikin kowace ƙwayar jiki da ake kira mitokondiriya, su ke samar da ƙarfi, su ma loda su ake yi a kai ƙarshen hanya, kuma an ga tafiyarsu tana raguwa a jijiyoyin da cutar ta kama. Ta ɓangaren kaya kuwa, tun shekarun 1960 masu binciken gawa suke ganin kumburi a farkon wutsiyar, cike da zaruruwan da suka cunkushe. A 2006 aka gano wani furotin mai suna TDP-43, wanda ke barin mazauninsa ya dunƙule a inda bai kamata ba, kuma ana samun wannan dunƙulen a jikin kusan 97 cikin 100 na masu cutar.

Baffa ya ce wannan ai kowane direba ya sani, matsala ɗaya ba ta zuwa ita kaɗai, mota ɗaya ta kafe a laka ta tare hanya, na bayanta su ƙona mai suna jira, kayan su lalace a rana. Na yi murmushi don na lura da abin da bai lura ba: lakar da ke kafe mota da lakar da ke cikin ƙashin baya, a rubuce ɗaya suke, a baki ne kawai suka bambanta.

Akwai tambaya ta biyu da ta fi wuya, ita ma shi ya kawo ta, daga abin da ya gani da idonsa. Ƙasarmu baƙa ce mai danƙo, da damuna ta sauka wasu ƙauyukan sai su yi watanni mota ba ta shiga. Ya ce ya san garin da ya mutu saboda hanyarsa ta yanke, ya kuma san hanyar da ciyawa ta cinye saboda garin ya riga ya watse, babu mai zuwa. To a jikin mutum wanne ne ya riga wani?

A kan wannan gaɓa masana ke ta kai-komo shekara da shekaru. A 1993 aka gano ƙwayar gado ta farko mai haddasa cutar, SOD1, aka kuma samar da ɓeraye masu ɗauke da ita don a bi cutar tun daga tushe. A 1999, a ɗakin binciken Don Cleveland a Amurka, aka nuna cewa lodi mai nauyin nan yana rage gudu a jikin ɓerayen tun suna guje-gujensu lafiya lau. A 2004 wasu masana a Atlanta suka nuna cewa mahaɗar jijiya da nama ita ke fara saki, gidan da ke laka sai daga baya yake mutuwa. Ƙauyen ƙarshen hanya shi ke fara jin yunwa. A 2010, a Landan, Giampietro Schiavo da Linda Greensmith da abokan aikinsu suka yi wata dabara. Suka ɗauki wani ɓangare marar illa na gubar tetanos, cutar nan mai sandarar da jiki, don sun san tana hawa motar dawowa. Suka shafa masa sinadari mai ƙyalli, suka sa a naman ɓera mai rai, suka riƙa kallon ɗigon haske yana tafiya a cikin jijiya. A ɓeraye masu cutar, tafiyar ta ragu tun kafin alama ta bayyana. Duk wannan yana nuna hanya ce ta fara yankewa. Amma a 2012 wasu masana a Munik ta Jamus suka duba wasu nau'o'in ɓerayen, suka ga akwai waɗanda jijiyarsu ta mutu alhali sufuri bai taɓu sosai ba, akwai kuma waɗanda sufurinsu ya ragu jijiyar ta daɗe ba ta mutu ba.

Abin da na fahimta, gwargwadon ɗan sanina na ɗan jarida, shi ne sunan cutar ɗaya ne amma ƙofofin shigarta da yawa. A wasu mutane, kamar masu tangarɗar KIF5A, daga motar abin ya faro. A wasu kuwa cunkoson ya biyo bayan wata ɓarna ce, amma da ya zo sai ya ƙara dagula komai.  An gwada buɗe hanyar. A 2017 masana a Luben ta Beljiyam suka ɗauki fatar masu cutar suka mayar da ita ƙwayoyin jijiya a faranti, suka sa wani sinadari, sufuri ya farfaɗo. A 2018 na Landan suka yi makamancin haka a jikin ɓera. Sai dai faranti daban, ɓera daban, mutum daban. Wannan na gaya wa Baffa ba tare da kwana-kwana ba, don na yi wa kaina alkawarin ba zan sake sayar masa da kwana 40 ba.

Ilimin bai ƙara masa ƙarfin yatsa ko ɗaya ba. Amma ya yi wani aiki. Wata Juma'a ya ce a kira masa tsohon karen motarsa. Mutumin ya zo yana ɗari-ɗari, ya tsuguna daga nesa. Baffa ya tara mu, har da Inna a bakin ƙofa. Ya ce, “Cutar nan tana kama Bature a Landan, tana kama ɓeran da bai taɓa yin faɗa da kowa a tasha ba. An zalunce ka a gidana, ka yafe mana.” Ya ce in miƙa masa makullin Sifinja, ya riƙa ja ana raba riba. Mutumin ya fashe da kuka. Inna ba ta ce komai ba, amma washegari na ga ta aika wa matarsa da kwanon tuwo. Daga ranar ba a sake sayar da ko kaza don karya sammu ba. Kuɗin ya koma keken guragu, da katifa mai taushi, da riluzol da wani ɗan uwanmu ke aikowa daga Alƙahira ta Khartum. Addu'a kuwa ba mu fasa ba ko na yini ɗaya, shi ma bai fasa ba.

Da na ji harshensa ya fara nauyi a farkon 2022, sai na zo da rakodata ta aiki. Kullum bayan La'asar nakan ajiye ta a kan matashinsa. Ya ba ni labarin kakanninmu, yadda suka baro ƙasar Hausa da niyyar Makka bayan yaƙin Burmi na 1903, cikin jama'ar da suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu. Wasu suka isa, wasu suka tsaya noma don su tara guzuri, guzurin da har yau jikokinsu ke tarawa. Ya yi dariya ya ce mu ma lodi ne da bai isa ba. Ya lissafa mini ramukan hanyar Sinja ɗaya bayan ɗaya. Awa 19 na ɗauka. A faifan farko muryarsa garau, a na ƙarshe ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa.

A cikin wannan shekarar aka fitar da sabon bincike a kan KIF5A. Ashe tangarɗar ba kashe motar take yi ba. Lafiyayyen kainesin yakan naɗe kansa ya tsaya idan babu lodi, mai tangarɗar kuwa ba ya iya tsayawa, sai ya yi ta gudu har su taru su cunkushe a ƙarshen hanya. Na karanta wa Baffa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya fitar da kalma ɗaya: “Birki.” Muka yi dariya har ya sarƙe, Inna ta kore ni daga ɗakin.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu cutar gadonta suke yi. Likita ya tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa yin irinta a dangi, Baffa ya tuna wani kawunsa da aka ce ya bushe a kwance. Babu takarda, babu gwaji, sai dai an ce. Tun daga nan, duk ranar da naman ƙwaurina ya yi rawa bayan doguwar tsayuwa sai gabana ya faɗi, ko da yake na san rawar nama ita kaɗai, ba tare da raunin gaɓa ba, abu ne da ke samun masu lafiya kullum. Kuma mafi yawan ƙwayoyin gadon da aka yi waɗannan bincike da su na Turawa ne. Ba don babu cutar a wurinmu ba: tun 1974 Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan suka wallafa bayanin 'yan Najeriya 92 masu ita. Namu suna nan a ɗakunan baya, an sa musu sunan sammu ko iska, babu mai ƙirga su. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, da wuya a auna magani da jikinsa.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Bayan kwana 10, ranar 25 ga wata, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna tofasen, ta farko da ke tunkarar tushen cutar a jikin masu tangarɗar SOD1, wajen mutum 2 cikin 100. Na karanta labarin a waya a ranar da nake ƙirga ƙwayoyin riluzol da suka rage mana. Saura 22. Hanyar Khartum ta yanke, likitanmu ya bar ƙasar, wanda ke karɓo mana saƙon Alƙahira ya gudu da iyalinsa. Ban gaya wa Baffa labarin allurar ba. Na ƙwayoyin kuwa ba sai na faɗa ba, idanunsa suna kan kwalbar.

Idanun nan su suka rage masa. Ƙiftawa ɗaya i, biyu a'a. Hankalinsa yana nan daram, yana jin ƙarar Sifinja tun daga bakin gari ya san ko da lodi take ko wayam. Inna ta koyi dama kunu mai kauri daidai yadda ba zai sarƙe shi ba, ta koyi jingina shi da matasai don numfashi, tana juya shi sau uku kafin gari ya waye. Abin da ta yi a shekarun nan babu mujallar da za ta buga shi, amma na tabbata shi ya ƙara masa kwanaki masu daɗi fiye da ƙwayar.

Ya rasu a ƙarshen damunar 2023, da dare, cikin barci, lokacin ana yankan riɗi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

A Disambar shekarar Madani ta faɗi. A tsakiyar 2024 yaƙin ya iso Sinja, ya iso Dindir, ana tsakar ruwa. Mutanen gidanmu suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka suka nufi Gadarif. Wanda ya kwashe su, su da maƙwabta sama da arba'in, mata da yara a kan buhunan dawa, shi ne mutumin da muka yi shekara muna zargi. Sau huɗu motar tana kafewa, sau huɗu yana fitar da ita. Da muka haɗu, abin da Inna ta fara ce mini shi ne Allah ya rufa wa Baffa asiri da ya ɗauke shi kafin wannan rana, don da yaya za a yi da shi a wannan laka.

Yanzu na koma bakin makirfo. Tallar kwana 40 ta sake zuwa teburina da sabon suna, na ce a nemi wata muryar, aka yi mini kallon mai girman kai, aka ba wani ya karanta. Abin da ke hannuna shi ne shirina. A ciki nakan ce wa masu sauraro, idan babba ya fara jan ƙafa ko abu ya riƙa suɓuce masa daga hannu, nama yana zubewa babu zafi, ko magana ta fara nauyi, a nemi likitan jijiyoyi tun da wuri, don akwai cututtuka masu kama da wannan da ake warkewa. Idan kuma ita ce, a gaya masa gaskiya tun yana iya magana, ya yi wasiyya da bakinsa, ya yafe, a yafe masa. A ɗauki muryarsa ko da a waya ne. Kada a ɗora wa maƙwabci.

Rakodar tana cikin abubuwan da suka tsira. Ranar da na fara sa faifan a iska, na zaɓi inda yake lissafa abubuwa huɗun nan, hanya da mota da mai da kaya. Wani direba ya bugo waya daga tasha, ya ce a gaya wa dattijon nan ya manta na biyar, wani lokaci direban ne ke barci. Na buɗe baki zan ce masa dattijon ya rasu, sai na ji ba zan iya ba. Na ce masa saƙonsa ya iso, na sa kiɗa.